Ya'u Mai Faci da Kunamun Ɗakin Amarya

A bazarar shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, Ya'u mai faci ya gama ginin ɗakinsa a Tarauni, saura kwana goma sha biyu a je jere. Amaryar ita ce Salamatu, 'yar wan babana, wadda muka tashi ɗaki ɗaya da ita a Gyadi-Gyadi a hannun kakarmu Inna Indo. Baban Salamatu direban babbar mota ne, ba ya zama, saboda haka abin da Inna ta ce a kan auren shi ne magana.

Ya'u yana gyaran keke a gindin wata darbejiya a bakin titin Zariya. Faci ya iya shi, wannan ba wanda ya taɓa musawa. Abin da ake musu a kai shi ne sauran abubuwan da yake cewa ya iya. Ya ce ya taɓa tsayar da motar gyaɗa da ƙafa ɗaya a gangare. Ya ce tun shekara uku da suka wuce shi yake tuƙa kekensa a hannun dama, gwamnati ce ta gani ta kwaikwaya. In ya zo zance Salamatu takan sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta tana murmushi. Ban taɓa jin ta ce masa ƙarya yake yi ba. Ban kuma taɓa jin ta ce gaskiya ne ba.

Ran wata Asabar Inna ta ce sai ta ga ɗakin da idonta. Ta ɗauki sandarta, na bi ta. A lokacin Tarauni rabi gidaje ce rabi gonaki, kuma duk wanda ya zauna can ya san ƙa'idar wurin in zafi ya shigo. Ba ka sa takalmi sai ka kakkaɓe shi. Ba ka ɗaga tabarma da hannu. Ba ka zura hannu bayan randa. Mutane da kunamu sun daɗe da raba unguwar a tsakaninsu, kowa ya san iyakarsa.

Gidan Ya'u zaure ne da ɗaki ɗaya. Ɗakin ya sha farar ƙasa, sai dai bangon ya tsattsage, kuma a tsakar gida ga tarin ragowar tubali da guntayen azara. Inna ta dubi tarin. Ta shiga ɗaki ta sa sanda ta ɗaga tabarma. Kunama uku suka ɗaga wutsiya.

Ta ce, "Ya'u, ashe ka riga ka yi baƙi."

Ya ce, "Inna, waɗannan masu wucewa ne."

"Ina za su?"

"Hotoro."

"To ga wata a jikin ƙyaure. Ita ma Hotoron za ta?"

Ya'u ya ce wannan rakiya ta yi musu.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce Salamatu tana da shekara shida kunama ta harbe ta a wuya, ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba, kuma ita Inna ba ta manta ba. Ta ce, "Ranar jere zan dawo da sandar nan. In na ɗaga tabarma na ga ko da guda ɗaya, kwanuka su koma kan waɗanda suka ɗauko su, kai kuma ka nemi 'yar wani."

Ya'u ya bugi ƙirji. Ya ce, "Inna, kunama ta san ni. A garinmu in na shiga gona layi suke yi. Ba gidana kaɗai ba, Tarauni gaba ɗaya zan raba da kunama. Nan da kwana goma in wani ya ce a nuna masa kunama, sai dai a zana masa a ƙasa."

Da yamma ya zo zance, ni ina gefe ina tsince shinkafa. Salamatu ta ce a hankali, "Da ka kwashe tubalin nan ka yaɓe tsagar bangon. Sai in ba ka kajina su kwana biyu a gidan. Kaji ba sa barin kunama."

Ya'u ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Kaji? Haba Salamatu. A ce kaza ce ta samo wa Ya'u mata? Me zan gaya wa 'ya'yanmu?"

Da ya ce "'ya'yanmu" sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Maganar kaji ta tsaya nan.

Ran Litinin da hantsi ya fara aiki. Ya tattaro tsofaffin tayoyin keke daga gindin darbejiya, ya sayi barkono kwano biyu, ya tara su a tsakiyar ɗakin amarya ya cinna wuta, ya ja ƙyaure. Iska kuwa ta ɗauki hayaƙin ta bi ta kan katanga ta shiga gidan maƙwabcinsa Malam Tanko, tsohon masinja, wanda a lokacin yake zaune a zaure wanzami yana yi masa aski. Wanzamin ya yi atishawa sau uku da aska a hannu, ya ga abin zai zama magana, ya naɗe zabirarsa ya tafi. Malam Tanko ya fito da rabin kai a aske, iyalinsa na biye da shi suna tari, akuyarsa a ƙarshe.

Ya ce, "Ya'u! Me muka yi maka?"

"Malam, kunamu nake kora."

"To sun koru? Ni dai ga ni a waje, da matata, da akuyata."

Ya'u ya share hawayen barkono ya ce, "Alamar yana aiki ke nan. Daga manya yake farawa."

Da hayaƙi ya lafa aka tarar bangon ya zama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kunamun kuwa wasu sun shige ƙarƙashin tubali sun jira wuri ya huce, biyar kuma sun ƙetara zauren Malam Tanko. Ya'u ya yini biyu yana sake shafa farar ƙasa. Ya ce dama hannu na farko bai yi masa ba.

Ran Laraba ya hau keke ya shiga birni, ya sami wani mai wasa da kunama a bakin kasuwa. Ya dawo da abu uku. Na farko tsaga uku a bayan hannunsa da aka shafe da wani baƙin gari. Na biyu ƙatuwar baƙar kunama, irin wadda ake ce wa duwu, a cikin gwangwanin taba. Na uku kuma asiri: a tara kunama ɗari cif, a ƙone su tare, a barbaɗa tokar a kusurwa huɗu ta gida. Mutumin ya ja masa kunne cewa casa'in da tara ba ta aiki.

Washegari da safe ya je teburin Ɗanladi mai shayi a Gyadi-Gyadi, inda direbobi da leburori ke karyawa. Ya buɗe gwangwani ya juye duwun a tafin hannunsa. Benci ya zama wayam. Kunamar ta bi hannunsa ta hau kafaɗa, ta tsaya a wuya ta kai masa duka da wutsiya har sau biyu. Ya'u ya ɗauki shayinsa ya kurɓa.

Ɗanladi, daga bayan tukunyarsa, ya ce, "Kai Ya'u, ba ta harbe ka ba?"

"Ta harba mana. Dafin ne yake jin kunyata."

"To ka matsar da ita daga kusa da burodina, shi ba wanda yake jin kunyarsa."

Ya'u ya ce sunanta Sarauniya. Ya kuma yi shela: duk mai kunama a gidansa ya kawo masa Tarauni, kyauta zai raba shi da ita.

Mutane ba su taɓa amsa kira da sauri haka ba. Aka riƙa kawowa a gwangwanin madara, a ƙwarya, a cikin tsohon takalmi da aka toshe bakinsa da tsumma. Daga Gyadi-Gyadi aka kawo, daga Babban Giji aka kawo. Wani direba ya zo takanas daga Unguwa Uku da wata baƙa ƙatuwa, ya ce ta hana shi shiga banɗakinsa kwana uku. Malam Tanko ya zo da biyar a cikin buta, ya ce, "Naka ne, na dawo maka da su."

Da labari ya iso gidanmu Inna ta ajiye carbinta ta ce, "Na ce ya fitar da uku, ya aika a kawo masa ɗari."

Salamatu ta ci gaba da ɗinkin matashin da ke hannunta, amma na ga ta soke wuri ɗaya sau biyu.

Da farko abin ya tafi daidai, don a cikin babban daron yayarsa Kulu mai waina yake tara su. Daro yana da santsi, kunama in ta yi yunƙurin hawa sai ta zame ta koma. Ya ce da Kulu wanki zai yi. Saura kwana biyu jere Kulu ta zo karɓar daronta don ƙullun wainar biki. Ta ɗaga faifan da aka rufe shi da shi, ta mayar a hankali, ta ja da baya har ta kai bakin zaure kafin ta sami murya.

"Ya'u! Daron da nake ƙullun waina?"

"Yaya, ba su ci komai a ciki ba."

"Juye min su yanzun nan, ko in tara maka unguwa."

Ya jawo wata tsohuwar randa mai ɓantararren baki ya juye su a ciki. Kulu ta ce, "Kai, wace irin ƙwaƙwalwa ce da kai? Kowace mace a unguwar nan ta san kunama ba ta hawa kwano, amma tukunyar ƙasa tsani ce a wurinta."

Ya'u ya ce, "In ba su da shugaba ke nan." Ya buɗe gwangwanin taba ya jefa Sarauniya a ciki, ya rufe da faifai ya ɗora dutse. Sannan ya kinkimi randar ya kai ta ɗakin amarya, don nan ne ya fi sanyi, kada zafi ya kashe masa wasu lissafi ya lalace.

Har da Sarauniya sun zama casa'in da tara. Ta ɗarin ce ta gagara, don unguwa ta yi tsaf. Tarauni ba ta taɓa ganin bazara mai daɗi kamar kwana biyun nan ba. Sai ran Alhamis da safe, ranar jere, Ya'u ya ga wata tana tafiyarta a bakin ƙofar ɗakin amarya. Ya yi hamdala, ya kama ta da filaya, ya ɗaga gefen faifai ya jefa ta. Bai tambaye ta daga inda ta fito ba.

Bayan azahar muka taso daga Gyadi-Gyadi, mata wajen ashirin, kowa da ɗaurin kwanuka da tasoshi a ka, masu gado suna biye, ana rangaɗa guɗa. Muka tarar da ƙofar gidan Ya'u cike da maza, har da waɗanda suka zo a keke daga Hotoro. Ya'u ya hura wuta a fili, ya sa sabon kaftani. Ya tuɓe sabon takalminsa a zaure ya shiga ya fito da randar a rungume, sannan mata suka shige ciki suka fara sauke kaya. Inna ta zauna a kan 'yar kujera a bakin zaure, ni ina tsaye a bayanta.

Ya'u ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce daga yau duk mai son ganin kunama sai ya sayi tikitin jirgin ƙasa. Sannan ya ture dutse ya ɗaga faifai ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa.

Malam Tanko ya matso ya leƙa shi ma. Ya ce, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ko idona ne?"

Ya'u ya ce, "Sauran suna ƙasa."

"Ai ƙasan randar nake kallo."

Inna ta ce, "Ya'u, ina casa'in da shida?"

Ya ce, "Sun ɗan fita."

A daidai nan ihu ya tashi daga cikin gida.

Muka shiga da Inna. Mata shida suna tsaye a kan gadon da ko katifa ba a ɗora masa ba. Kulu tana kan turmi da ƙafa ɗaya, tana ambaton sunan Ya'u da na iyayensu. Kunamu a bango, kunamu a bayan ƙyaure, kunamu suna fitowa daga tsagar gini a jere. Inna ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ku yi min shiru! Kowa ta kwance ɗaurinta. Duk wadda ta ga ɗaya ta kife mata kwano."

Haka aka yi jeren Salamatu. Kwanukan da aka shekara biyu ana tarawa, masu furanni da masu ruwan zinare, duk aka jera su a ƙasa a kife, daga ƙuryar ɗaki har tsakar gida. Da kwanuka suka ƙare aka koma murafai. In ka yi shiru kana jin ƙas-ƙas a ƙarƙashinsu.

Maza suka hau katanga suna kallo. Ya'u ya shigo yana tsallake kwanuka, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. In na kama Sarauniya sauran za su biyo ta." Ya hangi wata baƙa ƙatuwa a gindin tubali. Ya tsuguna ya ce, "Haba Sarauniya, har da ke?" Ya sa hannu ya ɗauke ta.

Ta direban Unguwa Uku ce.

Ya'u bai yi ihu ba. Ya ajiye ta a hankali, na kife mata murfin tasa. Ya miƙe tsaye. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula.

Ɗanladi mai shayi ya ce daga kan katanga, "Ya'u, dafin ya ji kunyar taka?"

Ya'u ya ce, "Suna... suna gaisawa da maganin."

"To gaisuwar ta yi tsawo, ga idonka yana ruwa."

Ya'u ya ce ya tuna ya bar sifana a gindin darbejiya, yanzu zai dawo. Ya nufi zaure da sauri ya zura ƙafa a sabon takalminsa. Tun ranar da aka yi masa tsaga ya daina kakkaɓe takalmi, ya ce wannan aikin marasa magani ne.

Wannan ihun masu keke a titin Zariya sun ce sun ji shi.

Inna ce ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaure masa dantse da ƙwauri don kada dafin ya hau. Ta zauna a ƙasa tana tofa addu'a tana shafa hannun daga sama zuwa ƙasa, yadda take sauke wa duk wanda aka kawo mata dafin kunama. Ana cikin haka Malam Tanko ya shigo da filayar Ya'u, riƙe da wata baƙar kunama. Cikin huɗun da suka rage a randa ya samo ta. Sarauniya ba ta je ko'ina ba. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Jama'a, ku dubi bakin wutsiyar. Tsinin da take harbi da shi an datse shi da aska. Wannan ko jariri ta hau sai dai ta yi masa cakulkuli."

Katanga ta kusa faɗuwa don dariya.

Inna ta gama, ta miƙe ta ɗauki sandarta ta shiga ɗaki. Ta ɗaga tabarma. Guda bakwai ne. Ta ce, "Kwanuka su koma."

Ba su komu da sauƙi ba, don kowane kwano da mai shi a ƙarƙashi. Mace ɗaya ta ɗaga da sanda, wata ta sauke muciya, haka har rana ta yi ja. Da za mu fita muka wuce Ya'u a zaune a zaure, hannu a kumbure, ƙafa a miƙe. Ya ɗago ya ce, "Inna, Salamatu fa?" Ban taɓa jin ya yi magana gajera haka ba. Inna ta dogara sandarta ta wuce.

A gida mata suka riƙa ƙwace labarin daga bakin juna. Salamatu ta saurara har ƙarshe, sannan ta jawo ni gefe ta ce, "Lami, wane hannu ne?"

Na ce na dama.

Ta ce, "Da shi yake faci."

Ta tashi ta je ta durƙusa a gaban Inna ta ce, "Inna, ki ba da kwana bakwai. Ba shi za ki ba ba, ni za ki ba."

Inna ta dube ta ta ce, "Shi wannan mai bakin?"

"Shi."

"Duk garin Kano?"

Salamatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Inna ta yi tsaki ta ce ita dai ta ga abin da ya ishe ta a duniya, a je a yi.

Da safe ni da Kulu muka kai kwando biyu Tarauni, kaji tara da zakara, da saƙon Salamatu: a fitar da tubali, a yaɓe bango, a bar ƙyauren ɗaki a buɗe. Ya'u ya buɗe baki zai yi magana, Kulu ta nuna masa daronta, ya rufe. Ya riƙa jidar tubali da hannun hagu yana ɗingishi. Maƙwabta suka kama masa, don kowa ya san in aka bar sauran kunamun gidajensu za su koma, kuma wannan karon ba wanda zai karɓa kyauta. Malam Tanko ya zauna a inuwa yana ba da umarni.

Kaji suka tare a ɗakin amarya kwana bakwai kafin amarya. Suka yi ƙiba har zakaran ya daina hawa katanga.

Ran kwana na takwas Inna ta dawo da sandarta. Ya'u yana tsaye a bayanta. Ta ɗaga tabarma, ba komai. Ta duba bayan ƙyaure, ba komai. Ta zura sanda ƙarƙashin gado ta gangaro da ƙwai ɗaya. Ta ɗauka ta ƙulle a bakin zanenta ta ce, "A kawo kwanuka."

Yau shekara shida ke nan, 'ya'yansu biyu. In ka je teburin Ɗanladi za ka ji Ya'u yana bayani cewa dama shirinsa ke nan tun farko, ya tara kunamun unguwa wuri ɗaya don kaji su same su da sauƙi. Yana kuma nuna tsagar nan uku. Ya ce shi maganin, harbi biyu yake bukata kafin ya farka, shi ya sa tun daga ranar bai sake kakkaɓe takalmi ba, kuma ba abin da ya taɓa shi.

Bazarar bara na je musu kwana biyu. Da sassafe, Ya'u yana ɗaki yana shirin fita, na ga Salamatu ta ɗauki takalminsa a bakin ƙofa ta buga a jikin bango. Wata 'yar ja ta faɗo, kaza ta sure ta kafin ta gama ɗaga wutsiya. Salamatu ta mayar da takalmin daidai yadda ya bar shi, ɗaya a ɗan karkace. Ta juyo ta gan ni, ta ɗora yatsa a baki.

Ya'u ya fito ya zura ƙafa ko dubawa bai yi ba. Ya ce, "Lami, kin gani ko? Magani."